Ƙwai Ɗaya Don Mama Aglaia

Laraba, 8 ga Janairu, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Na zuba toka a hanyar akurki. Tun daga ƙofar kicin har ƙofar kaji, bokiti guda cur, don kar santsin ƙanƙara ya kayar da mutum.

Kwana biyu ke nan ni kaɗai ce a gidan. Mijina Toader yana asibitin birni wurin mahaifiyarsa, Mama Aglaia, wadda ta faɗi a kan ƙanƙara ran Litinin. Jiya aka yi mata aikin ƙugu, aka sa ƙarfe, ya ce ta farfaɗo lafiya. Da ta buɗe ido ba ruwa ta nema ba, ba ɗanta ta nema ba, cewa ta yi, "Wa ke ba kajina abinci?" Ya ce mata ni ce, Dorina. Wai sai ta mayar da ido ta rufe, ta ce, "To, Allah ya jiƙansu."

Na yi dariya da ya gaya mini a waya. Da na ajiye wayar kuma na daɗe a zaune.

Kaji tara ne da zakara ɗaya. Wata takwas da aurena a gidan nan, ban taɓa shiga akurkin ba, don Mama Aglaia ba ta yarda kowa ya shiga. A gidanmu na birnin Suceava hawa na huɗu muke zaune, kazar da na sani ita ce wadda ake sayowa a leda. Amma na karanta littattafai da yawa inda ake barin yarinya ita kaɗai da gida a tsakiyar hunturu, kuma duk da daɗi suke ƙarewa. Yawancinsu dai.

Alhamis, 9 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Na zuba toka.

Ashe kaji masarauta gare su. Na tsuguna a bakin ƙofa har ƙafata ta yi tsami ina kallo. Akwai wata fara ƙatuwa, ba mai sa baki a dusa sai ta ɗaga kai. Na sa mata Gimbiya. Akwai baƙa mai tafiya a hankali kamar wadda ta binne maza biyu ta gaje su, ita ce Bazawara. Zakaran kuwa Kanar ne, ba tantama: ƙirji a gaba, jan zanko a karkace kamar hular soja, in ya sami ƙwayar masara sai ya kira mata da wata irin murya ƙasa-ƙasa, ya ja baya, ya bar musu. Ban taɓa ganin namiji mai ladabi haka ba, har da nawa mijin.

Sai wata 'yar ƙarama ja, ƙyanƙyasar bazarar bara. Kowa saranta yake. Gimbiya ta sari Bazawara, Bazawara ta juya ta sari ta kusa da ita, haka abin ke gangarowa har ya zo kanta, ita kuwa ba ta da wadda za ta sara. Marainiya. Na ajiye mata nata kwanon a bayan ƙofa, na tsaya gadi.

Ruwansu ya daskare sau biyu kafin rana ta yi tsaka.

Juma'a, 10 ga Janairu, ƙarfe ɗaya na rana

Wake da kabeji. Juma'a ce, ranar azumin coci, ba nama, ba ƙwai, ba madara, kamar kowace Laraba da Juma'a a gidan nan. Ba mai gani na, ga cuku a kan kanta yana kallo na, amma na kasa. Kamar Mama tana tsaye a bayana da ludayi.

Toader ya ce cokali biyu na miya ta sha, ta tura kwanon.

Na zuba toka. Littafin nan mai koren bango da nake karantawa ran Litinin na sa shi a ƙasan akwatin zannuwan gado.

Asabar, 11 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma

Rediyo ya ce sanyi zai kai ashirin da biyu ƙasa da sifiri. Yau na yi aikin da zan yi alfahari da shi. Akurkin nan duk kafofi ne. Can sama, ƙarƙashin rufi, akwai wata doguwar ɓaraka da hannu zai shige, kuma wai a haka Mama take barin bayin Allah suna kwana. Na hau tsani na cusa tsummoki. Na lulluɓe taga da leda ninki biyu. Na toshe ƙasan ƙofa da tsohuwar rigar sanyin Toader. Da na gama na shiga na rufo ƙofa, ko numfashin iska babu. Ɗumi kamar ɗakin amarya.

Kanar ya dube ni da ido ɗaya. Na ɗauka godiya ce.

Toka: na zuba da safe, na ƙara da yamma.

Litinin, 13 ga Janairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ba godiya ba ce.

Da na buɗe ƙofa yau wani wari ya doke ni har hawaye suka zo. Bango ya yi fari da ƙanƙara daga ciki, rufi yana ɗiga. Zankon Kanar kuwa, tsinin nan biyar masu kyau, uku sun yi fari-fari, bakinsu ya fara baƙi. Na ruga gidan Lele Safta da takalmin ɗaki.

Lele Safta (Lele ake kiran dattijuwa a ƙauyen nan) ita ce maƙwabciyarmu ta hannun hagu, shekara arba'in suna faɗa da Mama a kan katanga ɗaya. Ta zo da ƙaton mayafinta, ta tsaya a ƙofar akurki, ta shaƙi iska, ta ɗaga kai ta ga tsummokina.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ce, Lele. Sanyi nake tare musu."

"Sanyi." Ta dube ni tun daga kai har takalmin ɗaki. "'Yar birni, rigar da ke jikin kazar nan ta fi taki. Gashi gare ta. Sanyi ba ya kashe kaza, laima ke kashe ta. Goma suna numfashi, goma suna kashi, ina kike so tururin ya bi? A kan zanko zai sauka ya daskare. Kafar can ta sama marigayi mijin Aglaia ne ya bar ta da gangan. Ke kuma kin zo da ilimin littafi kin gyara masa."

"Zai mutu?"

"Wa, wannan ɗan iskan? Tsini uku zai rasa. Nawa mijin ya rasa fiye da haka a kansa, kuma har yau yana cin mamaliga, tuwon masararsa. Hau ki cire."

Na hau na cire. Ta ce kafa ta sama a bar ta, ta ƙasa inda iska za ta buge su a toshe. Ta sa na kwashe jiƙaƙƙiyar ciyawa na zuba busasshiya har ta kai gwiwa. Ta aike ni in ɗebo kitsen alade a tulun Mama, ta matse Kanar a hammata, ta nuna mini yadda ake shafa wa sauran zankon a hankali, ba a murzawa. Ya rufe ido yana wani lumshewa.

"Dubi banza," in ji ta. "Duk haka suke in an shafa musu kai."

Da za ta fita ta tsaya a tsakar gida tana kallon hanyar. Ta ce, "Tokar nan fa ta yi yawa." Ta wuce gida.

Yau mako guda da faɗuwar Mama.

Talata, 14 ga Janairu, ƙarfe uku na yamma

Toader ya kira. Mama ba ta ci, kuma ba ta yarda a tayar da ita tsaye. An kawo mata ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ake dogarawa a koyi tafiya, ta rataya tawul a kai. Ya roƙe ta ta faɗi abin da ranta ke so, ko mene ne zai nemo. Ta ce ƙwai. Ya tashi zai fita, ta ce, "Na kazata."

Na tambayi Lele Safta ta saman katanga. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"A Janairu? Tun Nuwamba suka rufe shago, yarinya. Nawa ma haka. Sai ƙarshen Fabrairu, in rana ta yi tsawo. Aglaia ta san haka sarai, shi ya sa ta faɗa."

Na gane abin da take nufi: Mama ta nemi abin da babu ne don kar ta ci komai. Ban ji daɗin gane shi ba.

Amma ni na gaya wa Toader ya ce mata ƙwai yana nan tafe.

Laraba, 15 ga Janairu, ƙarfe takwas saura kwata na yamma

Ƙarfe biyar duhu ya rufe, kuma gidan nan in ya yi shiru agogon bango har magana yake. Na ɗauki fitila mai caji da bargo da wani littafi (ba mai koren bangon ba) na tafi akurki. Na rataye fitilar a ƙusa, na kifa bokiti na zauna.

Da farko a zuci nake karantawa. Sai na ga sun sauko daga sandar kwanansu ɗaya bayan ɗaya suna tona ciyawa, suna zaton gari ya waye. Na ji kunyar zama cikin jama'a ina karatu ni kaɗai, sai na ɗaga murya. Labarin wata malamar makaranta ne da aka tura wani tsibiri, da mai gadin hasumiya da ba ya magana. Da malamar ta sauka daga jirgi hularta ta faɗa teku, Bazawara ta ce "kwak", daidai wurin. Wallahi daidai wurin.

Kusan awa uku muka yi. Ban san na yi kewar jin muryata ba.

Na zuba toka da safe.

Juma'a, 17 ga Janairu, ƙarfe takwas na yamma

Babi na huɗu. Mai gadin ya yi magana. Toka.

Lahadi, 19 ga Janairu, ƙarfe biyu na rana

Toader ya yi abin kunya, kuma na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Ya sayi ƙwai a kanti, ya zaɓi mafi ja, ya goge tambarin kamfani da ke jikin ɓawon da ruwan tsami, har ya liƙa masa ɗan gashin da ya zaro daga matashin kai. Ya dafa, ya kai mata a hankici, ya ce daga Dorina. Ta karɓa, ta juya shi, ta fasa, ta dubi gwaiduwar.

Ta ce, "Toader, kazar da ta yi wannan ba ta taɓa ganin rana ba. Ni na haife ka. Tun kana shekara biyar in za ka yi ƙarya kunnenka na hagu ke ja." Ta miƙa wa matar gadon kusa.

Na ce masa, "Gashin matashin kai? Na agwagwa ne fa."

"Dori, don Allah kar ki ƙara mini. Ɗakin gaba ɗaya dariya suke yi mini, har mai shara."

"Ita ta yi dariya?"

Ya ce, "Kaɗan. Gefen bakinta."

Na riƙe wannan. Gefen baki ma wani abu ne.

Litinin, 20 ga Janairu, ƙarfe goma na safe

Mako biyu. Na zuba toka.

Na rataye kan kabeji da igiya a tsakiyar akurki, daidai inda sai sun yi tsalle. Gimbiya tana tsalle kamar matar gwamna da aka tilasta wa rawa. Tun da suka sami abin yi sun rage saran Marainiya. Da safe ina dama musu dusa da ruwan zafi da ɓawon dankali, da yamma masara don ta ɗumama su cikin dare. Lele ta ba ni wani katako mai faɗi muka canja sandar kwanan, wai su riƙa zama a kan yatsunsu suna rufe su da gashi.

Na kai musu toka a tsohon baho, suka yi ta birgima a ciki suna watsa ta sama. Ban san toka tana iya zama abin murna ba.

Laraba, 22 ga Janairu, ƙarfe huɗu na yamma

Likita ya kira Toader waje ya yi masa magana a tsaye. Ya gaya mini abin da ya ce. Akwai adadin kwanaki a ciki, da abin da ke samun tsofaffin da suka daɗe a kwance. Ba zan rubuta ba.

Zoben auren Mama yana zamewa daga yatsa, sun ɗaure shi da zare.

Dusar ƙanƙara ta sauka tun safe, manya-manya, a hankali, irin wadda ake kwatantawa a shafin farko na littafin labari. Na share, na zuba toka, ta rufe, na sake sharewa.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe takwas na yamma

Mun gama labarin tsibiri. Sun yi aure. Kanar ya yi cara, ko da yake ina jin fitilar ce ta ruɗe shi.

Tsinin zankonsa uku sun bushe sun faɗi. Ya fi kyau a haka, kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Na ba shi haƙuri a gaban matansa.

Marainiya ta hau cinyata yau. Ta tattaka bargon, ta juya sau biyu, ta kwanta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, amma zafinta kamar burodin da aka fitar yanzu. Da hannu ɗaya na riƙa juya shafi.

Asabar, 25 ga Janairu, ƙarfe takwas da rabi na yamma

Lele Safta ta kama mu. Ta ga haske ta kafar sama, ta zaci gobara ce, ta shigo da bokitin ruwa. Ta same ni a kan bokiti ina yin muryar wani attajiri mai mugun nufi, kaji tara sun kewaye ni.

Ta ajiye ruwan. Ta ce, "Na ga abubuwa a ƙauyen nan. Na ga limamin coci ya faɗa rijiya. Wannan ban taɓa gani ba."

"Suna so, Lele."

"Tun yaushe kike wannan haukan?"

"Kwana goma sha ɗaya."

"Kullum? Har ƙarfe nawa?"

"Takwas. Wani lokaci da ɗan wucewa, in babin ya yi daɗi."

Sai na ga fuskarta ta canja. Ta dubi fitilar, ta dubi kajin, ta yi lissafi da yatsu. Ta sunkuya ta cafko Marainiya, ta kai ta kusa da haske.

"Dubi zankonta. Da yaya yake?"

"Fari-fari, ƙarami."

"Yanzu fa?"

Ja wur. Kullum ina ganinta amma ban lura ba. Lele ta juya ta, ta sa yatsu a ƙarƙashin wutsiya tsakanin wasu ƙasusuwa biyu, ta kama hannuna ta sa a wurin. "Yatsa biyu. In ya kai uku, ƙwai ya zo. Kin ƙara musu tsawon rana, shashasha, ba ki ma sani ba. Kaza da haske take lissafin kwanan wata. Sun ɗauka bazara ta yi."

"Ba labarin ba ne?"

"Ko takardar kuɗin wuta kika karanta musu duk ɗaya ne."

Ban yarda ba, amma ban yi musu ba. Ta ce kar in kuskura in tsallake ko yini ɗaya. Ta zauna a bakin ƙofa wai ƙafarta ke ciwo, ba ta tashi ba sai da asirin attajirin ya tonu.

Litinin, 27 ga Janairu, ƙarfe tara na safe

Mako uku. Toka. Yatsa biyu da rabi, ko kuwa yatsuna ne suka rame.

Laraba, 29 ga Janairu, ƙarfe uku na yamma

Na kai hannu zan shafa ta, sai ta durƙusa ta buɗe fukafukai. Lele ta ce alama ce. Na wanke akwatin ƙwai, na shimfiɗa ciyawa mai laushi, na sa ƙwan katako na Mama a ciki don ta gane wurin. Lele ta ce in ya zo in ɗauke shi da zafinsa, in ya yi awa ɗaya a sanyin nan fashewa zai yi.

Toader ya ce jiya shayi kawai ta sha da rabin biskit. Ta tambaye shi ko Kanar yana raye. Kanar ta ce. Ashe yana ba ta labarin sunayen.

Alhamis, 30 ga Janairu, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ta shiga akwatin sau huɗu, ta fito sau huɗu. Ni ma haka.

Juma'a, 31 ga Janairu, ƙarfe biyar na yamma, a kan bencin asibiti

Ƙarfe tara da minti ashirin ta yi shi. Ina tsaye a waje da bokitin toka na ji kyarkyara, irin wadda ban taɓa ji ba, Kanar yana taya ta kamar shi ya yi aikin. Ƙarami ne, ja-ja, da ɗan ɗigon jini a gefe. Da ɗuminsa.

Na sa shi a safar ulu, na sa safar a cikin rigata, a ƙirji. Na jefa wa Lele mabuɗi da fitila ta saman katanga. Ta ce, "Ni ba zan karanta musu komai ba." Na ce akwai littafi a kan bokiti. Na koma ɗaki da gudu na buɗe akwatin zannuwa na ɗauko wani abu. Bas ɗin goma saura kwata ya tsaya mini don na tsaya a tsakiyar titi. Awa biyu da rabi hannuna a ƙirji, har wata tsohuwa ta tambaye ni ko zuciya ce ke damu na. Na ce e.

Ban ga Mama ba tun ranar da ta faɗi. Ta koma rabinta. Gashinta a kwance ba kallabi, ban taɓa ganinsa ba. Toader yana gefe da gemun mako uku.

Na ce, "Mama, sannu da jiki." Na ciro safar. Na zazzage ƙwan a tafin hannunta.

Ta daɗe tana kallo. Ta shinshina. Ta kai shi kumatu.

"Na fari ne," in ji ta. "Jar nan ƙarama."

"Ita ce, Mama."

"A Janairu."

Toader ya riga ya miƙe yana neman butar dafa ruwa. Matan ɗakin su biyar duk sun ɗago. Sai Mama ta rufe hannu a kan ƙwan ta ce, "Yau wace rana?"

Mako uku ina cin wake duk Juma'a, yau kaɗai na manta.

"Juma'a," in ji ta. "Shekara saba'in da ɗaya ban ci ƙwai ran Juma'a ba. Ba zan fara don ƙugu ba."

Toader ya ce, "Mama, don girman Allah."

Matar gadon kusa, wata mai ƙaton murya da ƙafa a filasta, ta ce, "Aglaia, ci abinki. An ɗauke wa mara lafiya azumi, kowa ya sani. Tambayi duk limamin da kika ga dama."

Mama ta juya kai a hankali. "Wa ye mara lafiya?"

"Ke mana. Mako uku kina kwance kamar buhun dankali, ana juya ki."

"Faɗuwa na yi. Faɗuwa ba ciwo ba ce."

"To mai lafiya, tashi mu gani."

Mama ta dubi matar. Ta dubi ƙarfen da tawul yake kai. Ta miƙo mini ƙwan ta ce, "Riƙe mini. In kika fasa shi kar ki dawo gidana." Ta ce wa Toader, "Kai kuma mai jan kunne, cire tawul ɗin nan."

Aka kira nas. Su biyu suka tallafe ta. Ta yi fari fat, ta ciji leɓe, ta kama ƙarfen, ta miƙe. Na ƙirga a zuci, ta kai goma sha huɗu a tsaye. Kafin su zaunar da ita ta dubi matar ta ce, "Buhun dankali."

Ta sha miyar wake rabin kwano, wai ta azumi ce, kuma ba ta son ƙwan ya tarar da ciki wayam. Ƙwan yana cikin safa ƙarƙashin matashinta. Ta ce ba ta yarda da mutanen ɗakin ba.

Toader yana can ƙarshen baranda yana kallon bango. Na bar shi ya gama.

Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Minti huɗu a butar matar gadon kusa, Mama tana kallon agogon Toader. Ta fasa kan da cokali. Gwaiduwar kamar lemu. Ta ɗaga ta nuna wa ɗakin gaba ɗaya, gado bayan gado, kafin ta sa gishiri. Ta cinye da burodi, ta kankare ɓawon, ta ba ni ɓawon in kai wa kaji.

Ta aiki Toader ya nemo mata kallabi. Da ya fita na ciro littafin mai koren bango na ajiye a kan bargonta. Na yi ta shirya maganar a bas, da kalmomi masu kyau, duk suka gudu.

Na ce, "Mama, ran Litinin ɗin nan kin ce in zuba toka a hanya. Na kwashe ta a bokiti, na ajiye a bakin ƙofa. Na ce bari in ƙarasa babi na tara. Ban zuba ba."

Ta ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Tsallake bokitin na yi. Na gan shi, na gan ki ta taga da hanci a littafi, na ce bari in wuce a haka, in na dawo in sami abin yi miki faɗa. Shekara arba'in ni ke zuba tokar nan, hannuna bai karye ba a ranar. Ke kin yi lalaci, ni na yi mugunta, ƙanƙara ta raba mana gardama." Ta goge baki. "Daina wannan kukan, ana kallon mu. Kuma kar ki ɗauka ƙwai ɗaya ya biya ƙugu. Kullum nake so, ban da Laraba da Juma'a."

Na ce to.

Ta sa yatsa a kan littafin. "Wannan ne?"

"Shi ne."

"Kin ƙarasa babin?"

"Ban sake buɗe shi ba."

"Ƙuguna ya tafi a kan babin da ba a ma karanta ba." Ta gyara kwanciya. "Buɗe, 'yata. Kajina sun ji labari, ni ban ji ba. Ɗaga murya, buhun can kurma ce."

Lahadi, 2 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Na dawo gida. Ƙwai biyu a kwano a kan tebur, Lele ta ajiye. Ta ce ba ta karanta musu komai ba. Alamar da na sa a shafi na sittin tana shafi na ɗari da huɗu.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Jiya suka dawo. Yau da safe ta ce sai ta ga kajinta. Daga ƙofar kicin zuwa akurki taku ashirin ne, ta yi shi cikin kwatan awa, ƙarfe a gaba, Toader a baya, Lele Safta a kan katanga tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Ta duba kafar sama, ta duba ciyawa, ta duba katakon kwana. Ta daɗe a kan zankon Kanar. Ta dube ni. Na dubi rufi.

Ƙwai huɗu yau, har da na Gimbiya. Laraba ce, sai kallo.

Da muka juyo ta tsaya a tsakiyar hanya, ta tura ƙafar ƙarfen cikin toka, ta nutse har kusan taƙi guda.

Ta ce, "Dorina, hanya ce wannan ko gona za ki shuka?"

Gobe rabin bokiti.